Masu Sharhin Finafinan Da Anka Manta a Sakkwato

Masu sharhin finafinan da anka manta wasu 'yan kallo ne da fim ba sana'arsu ba ce, babu mai biyansu ko sisi, amma sun ɗauki bin diddigin tsofaffin finafinai da wasannin talabijin na da kamar aiki, su nemo su kalla su zauna su yanke hukunci wanne ya yi ma'ana wanne ne shirme. A Sakkwato an fi samunsu a majalisa bayan sallar isha'i, ko teburin mai shayi, ko shagon masu tura fim a waya, akwai dattawa akwai samari har da ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo masu neman abin rubuta furojet.

Abin da sunka fi so a tattauna shi ne wasannin kwaikwayo na talabijin tun kafin zuwan finafinan bidiyo. Idon Matambayi na NTA Sakkwato shi ne kan gaba, don da harshen gida anka yi shi, Sakkwatanci tsantsa ba tare da an karkata baki zuwa Kananci ba, kuma har yau in anka tayar da zancensa sai ka ga dattijo ya gyara zama yana kwaikwayon muryar ɗan wasa. Sukan kwatanta shi da Samanja na Usman Baba Pategi da anka riƙa yi a Kaduna, wasu su ce barkwancin bariki ya fi ban dariya wasu su ce na gida ya fi koyarwa, a ganina na biyun sun fi gaskiya amma gardamar ba ta ƙarewa.

Sai finafinan kaset. Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990 shi ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na farko na Hausa, bayansa finafinai sunka yi ta fitowa kamar ruwan sama, da yawa kashi na ɗaya kawai ya fito kuɗi sunka ƙare ba a yi na biyu ba. Irin waɗannan su ne abincin masu sharhin. Ma'auninsu a bayyane yake, suna duba ko labarin na Bahaushe ne ko wanki ne daga fim ɗin Indiya, ko bos ya iya mugunta yadda za ka ji haushinsa da gaske, ko waƙa ta shigo inda ya dace ko an cusa ta ne don a cika kaset. Kyawun hoto bai cika damunsu ba.

Samun abin kallon ma wahala ce. Kaset ɗin bidiyo ba ya jure zafi da ƙura irin na Sakkwato, za ka ga mutum ya buɗe na'urar bidiyon ya goge kan da ke karanta kaset da auduga da sifirit, ya saka kaset hoton na rawa murya na ja, a haka zai zauna ya kalla har ƙarshe sannan ya kai a juye masa a memori. Na talabijin kuwa sun fi ɓacewa, don a wancan zamani a ƙasashe da yawa akan sake ɗauka a kan tsohon kaset saboda tsada. Shi ya sa akwai fitowar da babu inda ta rage sai a kan waɗannan mutane, kuma wannan ne babban amfaninsu, ko da yake wani lokaci sukan haɗa fitowa biyu su mayar ɗaya, ko su jingina wa ɗan wasa rawar da ba shi ya taka ba.

Wani lokaci abin da anka fid da rai da shi yakan dawo. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya daɗe ba a ganinsa, sai da anka gyara shi a Jamus anka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. Wannan ya nuna amfanin a tattaro kasakasan da sunka rage a hannun jama'a a juye su zuwa kwamfuta.