Waiwaye: Yadda Zauren Anzac na Featherston Ya Shekara Fiye da Ɗari Yana Aiki

Featherston ƙaramin gari ne na manoma a yankin Wairarapa, ƙasar Niyu Zilan, a gindin tsaunin Remutaka. A watan Janairun 1916 aka buɗe babban sansanin horar da sojoji a bayan garin, kuma kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare, kimanin mutum 60,000 sun yi horo a can. Da yawansu da ƙafa suka haura tsaunin, suka gangara wajen Wellington, suka shiga jirgin ruwa. Wasu ba su dawo ba.

A wannan shekarar ne mutanen yankin suka haɗa kuɗi suka gina zauren Anzac (sunan rundunar haɗin gwiwar sojojin Ostireliya da Niyu Zilan) da katako, domin samarin nan su samu wurin hutawa, su karanta jarida, su rubuta wa iyayensu wasiƙa. Wato tun sojojin suna raye aka gina shi, sai bayan yaƙi aka miƙa shi ga hukumar garin ya zama abin tunawa da waɗanda suka kwanta dama. Da annobar mura ta 1918 ta afka wa sansanin, zauren ya koma asibitin wucin gadi.

A wancan zamani irin wannan ba kasafai ake yi ba. Manyan ƙasar sun fi son gunki ko hasumiyar dutse, suna ganin bai dace a yi rawa da cin abinci a wurin tuna matattu ba. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ra'ayi ya juya. Gwamnatin jam'iyyar Labour ta ce duk garin da ya tara fam ɗaya don gina zauren jama'a, za ta ɗora masa fam ɗaya. Da haka aka gina fiye da 300, galibi a shekarun 1950. Wannan shawara ta fi hikima nesa ba kusa ba: allon da aka zana sunayen mamatan yana rataye ne a inda ake biki da taron manoma, yaro na wasa ya ɗaga kai ya ga sunan kakansa.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1989 ya haɗe ƙananan garuruwa a ƙarƙashin gundumomi, zaurukan suka koma hannun majalisun da ke da gine-gine barkatai da kuɗi kaɗan. Lalacewar kuwa daga sama take farawa. Ganye ya toshe indararo, ruwa ya koma ƙarƙashin kwano, ƙusa ta yi tsatsa, katakon bango ya jiƙe ya ruɓe. A ƙasa kuma turakun katakon da ke ɗauke da daɓe suna nutsewa, ƙofa ta daina rufuwa. Zaurukan 1950 suna da ƙarin matsala: da yawa an sa musu asbestos, wani ma'adini da ake sa wa a kayan gini, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu, kuma galibi cire shi sai ƙwararru masu lasisi.

Girgizar ƙasar birnin Christchurch ta 22 ga Fabrairun 2011, wadda ta kashe mutum 185, ta ƙara tsananta lamarin. Dokar da ta fara aiki a 2017 ta ce ginin da ƙarfinsa bai kai kashi 34 cikin ɗari na ƙa'idar sabon gini ba, yana cikin haɗari. A yanki mai yawan girgiza irin Wairarapa, wa'adin gyara shekara 15 aka fara yankewa. Ginin katako yakan lanƙwasa ya tsira. Abin da ke kisa shi ne bututun hayaƙi na bulo da katangar gaba marar rodi. Aikin shi ne a sauke bututun, a ɗaure rufi da bango da ƙarfe, a kafe ginin a kan turakunsa.

Zauren Featherston yana cikin rukuni na ɗaya na gine-ginen tarihin ƙasar, kuma har yanzu ana taro a cikinsa.