Ma'anar fasizim: mulkin da ke bin mutum har cikin ɗaki

A muhawarar siyasa ta yau, duk shugaban da ya cika zafin hannu sai ka ji an ce masa ɗan fasist. Kalmar ta fi haka nauyi. Mai mulkin kama-karya na gama-gari, buƙatarsa ka ja bakinka ka bar masa kujerarsa. Fasizim kuwa, tsarin da Benito Mussolini ya kafa a Italiya bayan ya hau mulki a 1922, shirunka bai ishe shi ba. So yake ka fito ka yi tafi, kuma aikinka da tukunyarka da aurenka su zama na gwamnati.

A 1926 aka haramta yajin aiki, aka bar ƙungiyoyin ƙwadago na jam'iyyar Fasist ta Mussolini kaɗai. Da aka ɗaga darajar kuɗin ƙasar, lira, galibi don burga, sai aka zaftare albashi, ma'aikaci ba bakin magana. A shekarun 1930 mai neman aikin gwamnati sai ya nuna katin jam'iyya, kuma da yawa sun yanke shi ne don abin sawa a bakin salati. "Yaƙin alkama" na 1925, wato gangamin sa ƙasar ta noma alkamar da za ta ishe ta, ya ƙara yawan alkamar da ake nomawa, amma harajin da aka lafta wa alkamar waje ya sa talaka sayen burodi da tsada.

Batun aure ya fi ba ni mamaki. Mussolini na son sojoji, don haka daga 1927 tuzuru mai shekara 25 zuwa 65 sai ya biya harajin rashin aure, matan da suka fi haihuwa kuma a ba su kyauta. Duk da haka haihuwar raguwa ta ci gaba da yi.

Bayan Italiya ta auka wa Habasha a 1935 aka ƙaƙaba wa Italiyar takunkumi. Ran 18 ga Disamba na shekarar, mata suka yi layi suna miƙa wa gwamnati zobban aurensu na zinari a matsayin gudummawa, ana ba su na ƙarfe. Wadda ta ƙi, yatsanta zai tona mata asiri a gaban maƙwabta. Don rage dogaro da kayan waje, aka koma shan soyayyen sha'ir maimakon kofi, har ma daga madara aka riƙa yin ulun sawa.

A 1938 dokokin wariya suka kori Yahudawa daga makarantu da aikin gwamnati, har da waɗanda suka daɗe da katin jam'iyyar a aljihunsu.