Waiwaye: Daga ina maganar hana cin zarafi a wurin aiki ta taso?

A da, in ana zancen lafiyar ma'aikaci, jiki kawai ake nufi: kada inji ya yanke masa hannu, kada ƙura ta cinye masa huhu. Abin da ke damun zuciya, kamar tsawa, wulaƙanci gaban abokan aiki, ko hana mutum aiki don ya gaji ya tafi da kansa, ba a ɗauke shi matsalar doka ba. Haƙuri ake ba shi.

Ƙasar Suwidin ce ta fara kafa ƙa'ida kan wannan a 1993, bayan binciken masanin halayyar ɗan Adam Heinz Leymann. Faransa ta biyo baya a Janairun 2002, kuma dokarta ta taɓo inda gizo ke saƙa: ta hana korar wanda aka zalunta, ta kuma hana korar wanda ya ba da shaida. A 2019 kotun Paris ta samu tsofaffin shugabannin kamfanin sadarwa na France Télécom da laifin cin zarafin ma'aikata, bayan ma'aikata da dama sun kashe kansu. A shekarar ce Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 kan hana cin zarafi a wurin aiki a Janeba, wadda Najeriya ta rattaba wa hannu a 2022. A Amurka kuwa, jihohi irin su Massachusetts da Rhode Island sun yi ta muhawara kan daftarin doka.

Mu a Nijar ba mu rasa madogara ba. Kundin dokar ƙwadago na 25 ga Satumban 2012 ya haramta matsa wa ma'aikaciya ko ma'aikaci da neman lalata, kuma ba a korar wakilin ma'aikata sai da izinin sufeton ƙwadago.

To amma wakili ne kaɗai ke da wannan garkuwa. Sakatariyar da ta kai ƙara a Yamai, washegari sai ta tarar an ɗauke mata kwamfuta, an maida teburinta bakin ƙofa, ba wanda ke gaishe ta. Ba a kore ta ba, balle ta ce an karya doka. In wa'adin kwantaraginta ya cika, sai a ce mata "za mu kira ki". Abokan aikin da suka ga komai kuwa sun ja bakinsu, don kowa na da iyali.

Wannan ma ga masu takarda ke nan. 'Yar aikin gida, yaron shago a Babbar Kasuwa, mai gadi, yawancinsu ba su da kwantaragi ko takardar albashi, kuma sufeto ba ya zuwa inda suke. Duk daftarin da za a kawo, wurin nan ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN da CDTN su fara dubawa: wa zai kare mai ƙara da mai shaida bayan an fito daga ofishin sufeto?