Tumfafiya da malam-buɗe-littafi: Tambayoyi da amsoshi

Me zai sa mutum ya bar tumfafiya a lambunsa, alhali ciyawar kango ake ɗaukarta?

Dalili shi ne akwai wani malam-buɗe-littafi da rayuwarsa ta rataya a wuyan tumfafiya da danginta. Shi ne mai fuka-fukai ruwan lemo da baƙin baki da ɗigo-ɗigon fari, wanda masana ke kira Danaus chrysippus, kuma duk wanda ya bi gefen ganuwar Zazzau ko hanyar Samaru da hantsi ya san shi. Macen takan ajiye ƙwanta ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin ganye, tsutsa mai zanen fari da baƙi da rawaya ta ƙyanƙyashe, ta yi ta cin ganyen har ta rikiɗa. Dafin da ke cikin farin ruwan tumfafiya yakan taru a jikinta, shi ya sa tsuntsun da ya taɓa ɗanɗana ta ba ya marmarin sakewa. A Amurka mutane na sayen dangin wannan tsiro da kuɗinsu domin irin wannan manufa, mu kuwa sara muke yi mu ƙona.

Furenta fa, wa yake amfana?

Furen fari ne mai shunayya a baki, kuma manyan baƙaƙen ƙudajen nan masu huda azara su ne kan gaba wajen kai masa ziyara. Babban alherinsa shi ne ana samunsa har cikin rani, lokacin da hunturu ya busar da yawancin ciyayi, saboda saiwar tumfafiya tana nutsawa ƙasa sosai.

Yaya ake shuka ta?

Idan ƙwallon ya bushe ya tsage, a cire irin daga cikin audugarsa a binne shi sama-sama a farkon damina, wajen watan Mayu ko Yuni, a inda rana ke duka kuma ruwa ba ya kwanciya. Ba ta son dashe.

Ba ta da haɗari a gida mai yara?

Tana da shi, kuma bai kamata a raina shi ba. Farin ruwanta idan ya shiga ido yana iya jawo raɗaɗi mai tsanani da dushewar gani, don haka a wanke idon nan take da ruwa mai yawa a nufi asibiti. A ganina wurinta bayan katanga ne ko kan iyakar gona, ba tsakar gida ba, kuma kada a yi mata feshin maganin ƙwari ko da an ga tsutsa ta rarake ganyenta.