Tuƙi Cikin Maye: Kamu da Hukunci a Dokar Amurka

Tuƙi cikin maye shi ne mutum ya ja mota ko babur alhali barasa ko ƙwaya ta taɓa hankalinsa, ko kuwa barasar da ke jininsa ta kai iyakar da doka ta yanke. A Amurka ana taƙaita sunan laifin da DUI ko DWI, gwargwadon jihar da aka kama mutum. Yana cikin laifuffukan da aka fi kama mutane a kansu a ƙasar: a 2019 'yan sanda sun yi kamu kimanin miliyan ɗaya, a 2022 kuma sama da mutum 13,000 ne suka mutu a haɗurran da direba mai maye ke ciki, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda titi ya ci a shekarar. Kowace jiha da dokarta, shi ya sa abin da zai kai mutum gidan yari a Arizona kan iya tsayawa a tara a Wiskonsin.

Asalin dokar

A watan Satumban 1897 wani direban tasi a Landan mai suna George Smith ya afka wa gini da motarsa, kotu ta ci shi tara, kuma shi ake yawan ambata a matsayin mutum na farko da aka hukunta kan wannan laifi. Jihar Niyok ta yi tata dokar a 1910. Wahalar wancan zamani ita ce hujja. Ɗan sanda zai ce ya ji warin giya, ya ga mutum yana layi, direba ya rantse gajiya ce, alƙali ya rasa wanda zai gaskata.

Kimiyya ce ta raba gardamar. Masanin nan na Suwidin, Erik Widmark, ya fitar da lissafin yadda barasa ke yaɗuwa a jiki da yadda take fita. Ƙasar Norwe ta zama ta farko da ta sa iyaka ta lamba a 1936. A Indiyana Rolla Harger ya ƙera wata na'ura da ake hura wa balan-balan, sannan a 1954 Robert Borkenstein, jami'in 'yan sandan jihar, ya fito da Breathalyzer, wadda ta zama uwar na'urorin busawa na yau.

Duk da haka an daɗe ana ɗaukar laifin da wasa. Iyakar da jihohi da dama suka fara bi 0.15 ce, kusan ninki biyu na ta yanzu. Abin ya sauya ne bayan Mayun 1980, lokacin da wani direba da aka sha kamawa da wannan laifi ya buge wata yarinya 'yar shekara 13, Cari Lightner, a Fair Oaks ta jihar Kalifoniya, ta mutu. Mahaifiyarta Candy Lightner ta kafa ƙungiyar MADD ta iyaye mata masu yaƙi da tuƙin maye. Matsin lambar da suka yi na daga cikin abin da ya kawo dokar 1984 da ta sa jihohi suka mayar da shekarun sayen giya 21. A 2000 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta ce duk jihar da ba ta sauko da iyakarta zuwa 0.08 ba za a rage mata kuɗin gina hanyoyi, kuma kafin ƙarshen 2005 duk sun bi.

Iyaka da yadda jiki ke aiki

Ma'anar 0.08 ita ce giram 0.08 na barasa a kowane mililita 100 na jini. Wanda ya kai nan ya yi laifi ko da tuƙinsa ya miƙe sak, ba sai an nuna ya yi tangal-tangal ba. Jihar Yuta ta sauko zuwa 0.05 a ƙarshen Disamban 2018. Direbobin manyan motoci da bas-bas iyakarsu 0.04 ce, waɗanda ba su kai shekara 21 ba kuwa daga sifiri zuwa 0.02. Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba: ana iya gurfanar da wanda ke ƙasa da 0.08 idan aka ga alamar maye a tuƙinsa, haka ma wanda ya sha maganin barci ko na ciwo da likita ya rubuta masa, ko wiwi a jihar da ta halatta ta.

Barasa na shiga jini ta ciki da ƙaramin hanji, hanta ce ke ƙone mafi yawanta, kuma hanta ba ta gaggawa. A matsakaici tana rage kimanin 0.015 a awa ɗaya. Wanda ya tashi daga wurin sha da 0.15 ƙarfe biyu na dare, zai kai wajen ƙarfe bakwai na safe kafin ya sauko ƙasa da 0.08, kuma sai kusan azahar jininsa zai wanke. Da yawa daga waɗanda ake kamawa da safe a hanyar aiki sun yi barci, sun yi wanka, sun karya, suna ganin maganar jiya ta wuce.

A nan ne dabarun da ake yaɗawa suke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Gahawa mai ƙarfi tana buɗe ido ne kawai, ta bar mutum a buge amma a farke. Wankan ruwan sanyi, guje-guje, tauna cingam ko alewar na'ana'a, tsotsar kwabo, duk ba sa taɓa jini, na'urar kuwa iskar can ƙasan huhu take aunawa. Ruwan kurkure baki ma kan ƙara dagula lissafi, domin wasu suna ɗauke da barasa. Abinci kafin sha yana jinkirta shigarta jini, amma wadda ta riga ta shiga ba ya fitar da ita. Lokaci kaɗai ke yi.

Yadda kamu ke faruwa

Ɗan sanda ba ya tsayar da mota haka siddan, sai da dalili: karkata daga layi, gudu fiye da ƙima ko tafiyar hawainiya, tsallake danja, fitilar baya da ta mutu. Banda wannan akwai shingen bincike da ake tare kowa, wanda Kotun Ƙoli ta amince da shi a 1990 a shari'ar 'yan sandan Michigan da Sitz. Wasu jihohi, ciki har da Tekzas da ita Michigan ɗin kanta, ba sa kafa irin wannan shinge saboda dokokinsu na gida.

Idan jami'i ya ji wari ko ya ga ido ya yi ja, zai nemi direba ya fito. Gwaji uku ne sanannu. Zai ɗaga biro ko ɗan yatsa a gaban fuskar mutum, ya ce ya bi shi da ido kada ya juya kai, yana duban ko ƙwayar idon na rawa idan ta kai gefe, abin da mutum ba ya iya hanawa da kansa. Sai tafiya a kan layi, taku tara, dunduniya tana taɓa yatsun ɗaya ƙafar, a juya, a dawo taku tara. Na uku tsayuwa da ƙafa ɗaya ana ƙirga da ƙarfi har daƙiƙa talatin. Duk wannan a bakin titi ne, da dare, motoci na wucewa, fitilar motar 'yan sanda na haska fuska, kyamara na ɗauka. Mai ciwon gwiwa ko dattijo na iya kasawa ba tare da ya sha komai ba, kuma wannan suka ce ta gaskiya da lauyoyi ke yi wa gwajin.

Bayan kamu sai gwajin numfashi ko jini a caji ofis. Kowace jiha na da dokar da ta ce wanda ya hau titi da mota ya riga ya yarda a gwada shi. Ƙin busawa ba mafita ba ce: a Kalifoniya karon farko ana dakatar da lasisi shekara guda, kuma tun 1983 Kotun Ƙoli ta yarda a gabatar da ƙin a matsayin hujja a gaban kotu. A 2016, a shari'ar Birchfield, kotun ta ce gwajin numfashi ba ya buƙatar takardar izinin alƙali, ɗibar jini kuwa tana buƙata. A wurare da dama alƙali na jiran waya da dare don sa hannu a wannan takarda.

Kwana a cikin mota ma yana da nasa tarko. Jihohi da yawa suna hukunta wanda motar ke ƙarƙashin ikonsa, ko da ba ta motsi. Wanda aka samu yana barci a kujerar direba, makulli a jikin mota, inji na aiki don ɗumi, ana iya kama shi. Niyyarsa ta ƙin tuƙi mai kyau ce, amma kujerar baya da makulli nesa da hannu sun fi kare shi, ɗakin kwana ko tasi kuma sun fi duka.

Hukunci da hanyoyin da ba na gidan yari ba

Laifin farko da ba a ji wa kowa rauni ba ƙaramin laifi ne a mafi yawan jihohi: tara, dakatar da lasisi, ajin wayar da kai, da ɗaurin talala. Arizona na cikin masu tsanani. Mafi ƙarancin hukunci kwana goma ne a tsare, kodayake alƙali na iya jingine tara daga ciki idan mutum ya kammala shirin gwaji da jinya. Wanda ya kai 0.15 kwana talatin ne, wanda ya kai 0.20 kwana arba'in da biyar. Wiskonsin ce ke ɗaya gefen, inda karon farko ba ya ma shiga sahun laifin da ake ɗauri a kai. Maimaici, rauni, kisa, ko yaro a mota na iya mayar da shi babban laifi. A Niyok, tun dokar Leandra ta 2009, wadda aka sa wa sunan wata yarinya 'yar shekara 11 da ta mutu a motar da mai maye ke ja, ɗaukar yaro ɗan shekara 15 ko ƙasa cikin maye babban laifi ne tun karon farko.

Lauya na da ƙofofi na halal da yake ƙwanƙwasawa. Shin akwai dalilin tsayar da motar tun farko? An sa wa mutum ido na minti goma sha biyar ko ashirin kafin ya busa, don barasar da ta maƙale a baki ta gushe? Yaushe aka daidaita na'urar? Wannan tambaya ta ƙarshe ba wasa ba ce: a 2023 babbar kotun Masacuset ta buɗe wa kimanin mutum 27,000 hanyar neman a sake duba shari'arsu saboda ɓoye bayanai kan na'urorin busawa na jihar. Idan hujja ta yi rauni, mai gabatar da ƙara kan yarda a sauko da tuhuma zuwa tuƙin ganganci. A Pensilbaniya akwai shirin ARD ga masu laifin farko, wanda idan mutum ya cika sharuɗɗansa ake janye tuhuma, a share sunansa daga rajista.

Abin da ya fi amfani ga jama'a, a ganin masu nazari da yawa, shi ne na'urar da ake haɗawa da makunnin mota. Direba zai zauna, ya ɗauki wani abu mai kamar wayar hannu da ke maƙale da igiya, ya busa na 'yan daƙiƙu, ya jira. In ta ji barasa ta wuce ɗan ƙaramin ma'aunin da aka sa mata, mota ba za ta tashi ba. Yana cikin tafiya za ta sake yin ƙara ta nemi ya busa, akwai kuma kyamara a yawancinsu don kada ya miƙa wa na kusa da shi. Shi ke biyan kuɗin sawa da na kowane wata. Niyu Meziko ce ta fara wajabta ta ga duk wanda aka samu da laifi a 2005. A shekarar kuma Dakota ta Kudu ta fara wani shiri da mutum ke zuwa ofishin 'yan sanda safe da yamma ya busa, ranar da ya faɗi ko ya ƙi zuwa a tsare shi nan take na ɗan gajeren lokaci. Hikimar ita ce ƙaramin hukunci mai tabbas ya fi tsorata mashayi a kan babba da ba lallai ya zo ba. Irin waɗannan hanyoyi suna barin mutum ya riƙe aikinsa ya ciyar da iyalinsa, abin da ɗauri ba ya yi.

Ga baƙo, irin Hausawan Gana da Nijar da Najeriya da ke tuƙin haya a unguwar Bronks ta birnin Niyok da wasu birane, asarar ta wuce ta ɗan ƙasa. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka na iya soke bizar mutum saboda kamu kawai, tun kafin kotu ta yanke hukunci, kuma Kanada na iya hana wanda ke da wannan tabo shiga ƙasarta.

Kafin a kai ga kamu

Hanyar da ba ta da haɗari ita ce a yanke shawara tun kafin kurɓar farko, domin barasa tunani take fara ci kafin ƙafa. Al'adar ware mutum ɗaya a cikin abokai wanda ba zai sha ba don ya mayar da kowa gida ta bazu a Amurka daga 1988, ta hanyar wani kamfe na Jami'ar Harvard da ya shigar da saƙon cikin shirye-shiryen talabijin. Beljiyam ta yi nata a 1995. A Japan da Koriya ta Kudu sana'a ce sukutum: ka kira direba ya zo ya tuƙa ka a motarka har ƙofar gida. Japan, mai iyakar 0.03, tana hukunta har wanda ya ba direba giya ko aron mota, da fasinjan da ya nemi a ɗauke shi alhali ya san direban ya sha.

A Najeriya

Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke da alhakin wannan laifi a manyan hanyoyi, iyakar kuwa 0.05 ce, ƙasa da ta Amurka. A jihohin Arewa da ke bin shari'ar Musulunci, shan giyar kansa laifi ne ga Musulmi, haddinsa a mazhabar Malikiyya bulala tamanin, ko ya tuƙa ko bai tuƙa ba. Sai dai mayen da ya fi damun tashoshin mota na Arewa sau da yawa ba na kwalba ba ne. Tiramol ne da wiwi da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da shi a Mayun 2018. Direban dogon zango kan haɗiyi ƙwaya don ya kori barci ya ƙara sawu ɗaya, na'urar busawa kuwa barasa kawai take ji, gano waɗannan sai an gwada fitsari, yawu ko jini.