Cutar SCID

SCID, taƙaitaccen sunan Turanci mai nufin matsanancin rashin garkuwar jiki, rukuni ne na cututtukan gado da ake haifar jariri da su, inda fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta nau'in T ba sa samuwa ko ba sa aiki, nau'in B ma su kasa aikinsu. Jaririn kan zo duniya lafiya lau a ido, sai bayan 'yan watanni ciwon huhu da gudawa mai naci su kama shi, bakinsa ya yi fari, ya daina ƙiba. In ba a yi magani ba, da wuya ya kai shekara biyu. A Amurka an ƙiyasta jariri ɗaya cikin kusan 58,000 ke da ita.

Nau'in da ya fi yawa a ƙasashen Yamma maza yake kamawa, ta wajen uwa ake gadonsa. Sauran nau'o'in sai uwa da uba duk suna ɗauke da lahanin, shi ya sa suka fi bayyana inda auren zumunci ya yawaita.

Likitocin Suwizalan biyu, Glanzmann da Riniker, ake dangantawa da fara bayanin cutar, wajen 1950. A 1968 Robert Good da abokan aikinsa a Jami'ar Minnesota suka yi wa wani jariri dashen ɓargo daga 'yar'uwarsa, ya kuma rayu. A 1972 Eloise Giblett ta gano cewa rashin ADA, wani sinadari da fararen ƙwayoyin jini ke buƙata, na haddasa wani nau'in.

Wanda ya sa duniya ta san cutar shi ne David Vetter, da aka haifa a birnin Houston na Amurka a 1971. Kusan duk rayuwarsa cikin rufaffen tantin roba ya yi ta. Abinci da tufafi sai an kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsu kafin a miƙa masa. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, har riga ta musamman ta haɗa masa don ya riƙa fita. An yi masa dashen ɓargon yayarsa, ashe akwai wata ƙwayar cuta mai suna Epstein-Barr a ciki, ta jawo masa sankara, ya rasu a 1984 yana da shekara 12. Har yau ana saɓani kan dacewar tsare shi haka.

A 1990 aka fara gwada gyaran ƙwayoyin halitta kan wata yarinya mai nau'in ADA. Gwajin da aka yi a Paris daga baya ya warkar da yara, amma wasunsu sun kamu da sankarar jini.

Jihar Wisconsin ta Amurka ta fara auna jinin jarirai don gano cutar a 2008. Rigakafi mai ƙwayar cuta rayayya, kamar BCG na tarin fuka da ake yi wa jarirai a Najeriya da Nijar bayan haihuwa, haɗari ne ga mai SCID.