Kun Kai Shi Kun Juya Baya, Wa Zai Duba Ƙafarsa?

Makon nan ma a asibiti na sake wanke wa wani mai taɓin hankali gyambon idon sawu, irin wanda ya zagaye ƙafa kamar an zana. Ba sai an faɗa mini ba, shatin mari ne. Na tambayi 'yan uwansa yaushe rabonsu da zuwa inda suka ajiye shi. Sai kallon juna. Daga baya yayansa ya ce, "Ai muna aika kuɗin abinci duk wata."

Haba jama'a! Kuɗi ba ya ɗaga wando ya duba ƙafa.

Na san wahalar jinyar mai taɓin hankali, ko tsohon da ƙwaƙwalwarsa ta rikice. Wasunku sun yi shekaru ba barcin kirki, kuma ban ce laifi ba ne a kai shi inda za a kula da shi. Abin da ke ɓata mini rai shi ne a kai mutum a juya baya, sai Sallah, wani ma sai an kira a ce a zo a ɗauki gawa. Wanda ba a zuwa dubawa shi ake bari cikin fitsari, shi ake ɗaurewa, don an san babu mai tambaya.

Ko kun manta Rigasa? A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa. Akasarinsu 'yan uwansu ne suka kai su da hannunsu. Yanzu kuwa akwai dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu, aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma haramta ɗaure majinyaci da sarƙa. Amma doka ba ta da ƙafar zuwa ziyara, ku ne kuke da ita.

To, ku je. Ku je ba tare da sanarwa ba. Ku keɓe da shi ku ji ta bakinsa, ko da kuna ganin shirme yake yi. Ku duba ƙafa, wuyan hannu, baya da ɗuwawu. Ku ga shimfiɗarsa da kwanon abincinsa. Ku tambayi sunan maganin da ake ba shi, ku rubuta.

In aka ce ba a ganin majinyaci sai an ba ku rana, kada ku bar shi ya ƙara kwana a can. Ku kawo shi asibiti, ku kuma kai ƙara Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.